Ƙofa a buɗe take, amma maganar wa ake ji?

Auta: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina taimaka wa wani taron 'yan Kweka, wata ƙungiyar addini mai tushe a Kiristanci, masu kiran kansu Abokai, wajen hidimar masu neman mafaka a nan Ingila. Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Kujeru a zagaye, ba fasto, ba mumbari, a yi shiru kusan awa guda, a tashi a sha shayi. Amma yau raina a ɓace yake. Mun roƙi a bar mutum huɗu su riƙa kwana a ɗakin taro lokacin sanyi. Su ba sa jefa ƙuri'a, sai hankalin taron ya kwanta wuri guda, magatakarda ya rubuta. Dattawa biyu suka ce ransu bai natsu ba. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, har sanyin ya wuce. Ni dai na ce "kowa namu ne" ɗin nan da suke faɗa a bakin ƙofa ya tsaya.

Malam: Wa alaikumus salam. Auta, a yi musu adalci. Tun 1688 wasunsu suka rubuta takardar ƙin bautar da mutane a Germantown ta Amurka, kuma a 1776 taronsu na Filadelfiya ya hana mambobinsa mallakar bayi. Sannu ba ta hana zuwa.

Auta: Malam, shekara 88 ke nan fa tsakani. Wanda ke cikin mari, wa ya tambaye shi ko zai iya jira?

Yaya Babba: Nan ina bayan ƙanwata. Benjamin Lay, wani ɗan Kweka, ya tsaya gaban taronsu a Amurka a 1738, ya soka takobi cikin wani littafi da ya ɓoye jan ruwa a ciki, ya fantsama wa masu bayi kamar jini. Korarsa suka yi. Sai 2017 taronsu na garin Abington ya mayar da sunansa cikinsu. Sarah Mapps Douglass kuwa, baƙar fata ce, bencin baya aka ware mata ita da mahaifiyarta a taronsu na Filadelfiya. An bar ta ta shigo, ai.

Hajiya: Ni wani gefen nake kallo. Jama'ar da ta ce kowa ya zo, har wanda bai yarda akwai Allah ba, me ya rage ya haɗa su? Ladabin zama kawai: ka yi magana a hankali, kada ka ɗaga murya. Wanda ya tashi a gidan da ake faɗin damuwa da ƙarfi, sai a ga kamar ba shi da tarbiyya. Doka ce ita ma, ba a dai rubuta ta ba.

Malam: Hajiya, na Ingila kike nufi. Kenya ta fi kowace ƙasa yawan 'yan Kweka, tun zuwan mishan Kaimosi a 1902, kuma yawancinsu suna da fasto, da wa'azi, da waƙa. Sannan ƙuri'a ma tana danne marasa rinjaye.

Auta: Tana dannewa, Malam, amma aƙalla ka san wanda ya ce a'a. Ranar da na yi magana muryata na rawa, wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce sun ji ni. Na yarda har zuciyarta ta faɗa. Mutum huɗun nan dai, biyu daga cikinsu a tashar bas suka kwana.

Yaya Babba: Za ki koma?

Auta: Zan koma, Yaya. Na nemi magatakarda ya sa maganar a farkon taron watan Satumba, tun kafin sanyi ya kama.