Fiffiken sama ya ƙi zama daidai: ina neman shawara kan samfurin jirgin DH.9A

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Jirgin saman da nake haɗa ƙaramin samfurinsa shi ne De Havilland DH.9A, mai fuka-fuki hawa biyu, irin guda ukun nan na rundunar sojin saman Birtaniya da suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoban 1925, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Tun da zuwansu ya cika shekara 100 abin ya shiga raina. Muna faɗin cewa jirgi ya sauka Kano tun wancan lokaci, amma yaranmu in ka ce jirgi, abin da suke gani a zuci shi ne na jigilar alhazai. Ina so su ga wannan da ido, su zagaya shi, su gane cewa katako ne da ƙyalle da waya ya ratso hamada ya iso.

Awon da na ɗauka 1/32 ne, wato kowane awo na jirgin gaske a raba shi 32. Jirgin gaske faɗinsa daga bakin fiffike zuwa baki mita 14 ne, tsawonsa mita 9.2, don haka nawa ya kama santimita 44 a faɗi, kusan 29 a tsawo. Kamfanin Wingnut Wings na New Zealand ya taɓa fitar da shi a wannan awo, sai dai a haɗa kawai, amma kamfanin ya rufe a 2020, ragowar da ake sayarwa a intanet kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfina. Saboda haka komai da hannu nake yi.

Gangar jikin ta kammala, filawud siriri ne da takardar roba. Fuka-fukan su suka fi ba ni sha'awa. Na fere katako mai laushi ya zama ciki, na binne wayar ƙafar keke a tsawonsa don kada ya lanƙwashe, sannan na lulluɓe shi da takardar roba mai kaurin milimita 0.25. Kafin in manna, sai in kifa robar a kan jaridu, in ɗora rula, in ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare. In ka juyo ta, kowane layi ya taso kaɗan, daidai yadda haƙarƙarin fiffike ke bayyana a ƙarƙashin ƙyalle. Tayoyin zoben roba ne na masu gyaran famfo. Sandunan da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa kuma tsinken tsire ne na goge da samfefa har suka yi fale-fale.

To a nan gizo ke saƙar. Sandunan 12 ne, 8 a tsakanin fuka-fuki, 4 gajeru a kan gangar jiki. Duk sanda na gwada ɗora fiffiken sama ba tare da gam ba, sai ya zame gefe guda kamar rumfar da iska ta buga. In na gyara hagu, dama ta kuɓuce. Yaya ake kama su duka a lokaci ɗaya? Sannan da me ake yin wayoyin da ke ɗaure fuka-fukan? Zaren ɗinki gashi yake fitarwa da an shafa masa fenti. Akwai kuma batun launi: wanda ke gidan tarihi a Landan ruwan ƙasa ne mai sirkin kore, amma a tsofaffin hotunan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen fari fat suke fitowa. Wanne zan bi?

Auwal Mai Gyaran Waya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Masha Allah, Yaya, dabarar biron nan ta burge ni. Batun waya, ka fasa tsohuwar igiyar caja, akwai siraran wayoyin tagulla a ciki. Ka ɗora ɗaya a kan gilashi ka murza ta da bayan rula, za ta miƙe sak. Don Allah a sa mana hoto.

Baba Kafinta ya rubuta:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Hannu biyu ba sa riƙe sanda 12, kuma ba a nemi su riƙe ba. Ma'auni za ka yi wa fiffiken ya zauna a kai, sandunan su zo daga baya.

Ka ɗauki zanen jirgin ta gefe, wanda ka riga ka mayar awon 1/32. Za ka ga fiffiken sama bai tsaya daidai kan na ƙasa ba, ya ɗan yi gaba. Ka kwafe wannan tazarar da kuma tsayin da ke tsakaninsu a kan kwali mai kauri, ka yanka tsaga biyu, ɗaya ta fiffiken sama, ɗaya ta na ƙasa. Ka yi irinsa guda huɗu, duk a yanka su a tare don kada ɗaya ya saɓa. Ka kafa su a tsaye a kan allo mai santsi, biyu hagu, biyu dama. Kada ka manta bakunan fuka-fukan sun ɗan ɗaga sama in ka dubi jirgin ta gaba, saboda haka kwalayen waje za ka sa musu ɗan tudu a ƙasa gwargwadon abin da zanen ya nuna. In ka zura fuka-fukan suka zauna, ka tsaya ta sama ka duba da ido ɗaya: bakin gaba na sama da na ƙasa su tafi tare daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Kowace sanda ka huda bakinta biyu ka dasa guntuwar waya ta milimita 0.5, ta leƙo kaɗan, ita za ta shiga rami a jikin fiffike. Tsinke da gam kaɗai ba ya jure ja. Fara da gajeru huɗun nan na tsakiya, sannan na kusa da jiki, na waje su ne ƙarshe. Kuma da farin gam na katako za ka fara, domin yana ba ka lokacin gyara. Sai komai ya zauna, ka bi da ɗigon sufa gulu a bakin allura.

Waya kuwa, da izinin Auwal, tagulla ta yi kyau a gajeren wuri, kamar cikin kujerar matuƙi, amma a tsakanin fuka-fuki yatsa ɗaya ya taɓa ta ta lanƙwashe, ba ta komawa. Igiyar fatsa nake amfani da ita, ta masunta. Wayar da ta kai milimita 6 a jirgin gaske, in ka raba 32 ta dawo kusan 0.2, to ka nemi 0.15 zuwa 0.2. Ramukanta a huda su tun kafin fenti. A ƙasan fiffiken sama ramin kada ya ɓulla, ka manna bakin igiyar a ciki tun fiffiken yana kife a tebur. A fiffiken ƙasa ramin ya ɓulla, ka zura ta fita, ka maƙala mata abin shanya ya ja ta da nauyinsa, ka ɗiga gam, ka jira, ka aske da sabuwar reza. Tabon yana ƙasa inda ba a gani, ɗan fenti ya rufe shi.

Ka san aikin kowace waya kafin ka sa ta. Waɗanda suka taso daga ƙasan gangar jiki suka hau sama zuwa waje, su ke ɗaukar nauyin jirgin in yana sama, shi ya sa ake yin su bibbiyu. Waɗanda suka sauko daga sama zuwa waje su ke riƙe fuka-fukan in jirgin yana ƙasa, ɗai-ɗai ne. Sai masu gicciye tsakanin sandar gaba da ta baya. In ka ja ɗaya a hagu, ja 'yar uwarta a dama kafin ka matsa, in ba haka ba kai da kanka za ka karkatar da abin da ka daidaita. Wadda ta saki daga baya, kunna turaren tsinke, ka kusantar da garwashinsa ta ƙasanta ba tare da ya taɓa ba. Za ka ga ta yi ɗan motsi ta ɗame. Da ka ga haka janye hannu, daƙiƙa ɗaya a kai ta tsinke.

Malamar Tarihi ta rubuta:

Malam, launin azurfa za ka yi. Wanda ka gani a Landan shi ne F1010, DH.9A guda ɗaya da ya rage a duniya, yana gidan tarihin sojin sama da ke Hendon. Na runduna ta 110 ne, wadda Nizam, sarkin Haidarabad ta Indiya, ya saya wa jirage, kuma ya faɗa hannun Jamusawa a Oktoban 1918. Launinsa na yaƙin Turai ne. Bayan yaƙi aka koma shafa wa ƙyallen wani shafi mai garin alminiyam a ciki, saboda rana na cin ƙyalle, shi kuma wannan yana mayar da haskenta. Shi ne farin da kake gani a hoto.

Amma ka kula, ƙyalle ne aka shafa, ba ƙarfe ba ne. In ka fesa azurfa zalla zai yi walƙiya irin ta jiragen zamani. Ka sirka da ɗan toka-toka mai haske, ƙyallinsa ya kwanta. Tambarin zobe shuɗi ne a waje, fari, ja a tsakiya. Ratsin jela kuma nan mutane da yawa ke juyawa: a 1925 shuɗi ne a gaba, fari, sannan ja a baya. Sai a 1930 aka sauya tsarin.

Injinsa Liberty ne na Amurka, silinda 12, ƙarfin doki 400, da ruwa yake hucewa. Shi ya ceci jirgin, domin DH.9 da ya gabace shi injin Puma gare shi, wanda ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa a sama. A ƙasashe masu zafi irin su Iraƙi an riƙa ƙara wa DH.9A lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, ana kuma ɗaure safayar taya a jikinsa. Ka zaɓi hoton jirgi ɗaya ka tsaya a kansa, abin da ka gani a jikinsa shi za ka sa. Bama-bamai dai ka bar su, wannan tafiya ta buɗe hanya ce.

Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne hanyar. Runduna ta 47 ce, Arthur Coningham ke jagora, suka bi Khartum, Alfashir, Fort Lamy wadda ita ce Njamena a yau, Maiduguri, sannan Kano. Kusan sawun da kakanninmu suka riƙa bi a ƙasa zuwa Makka ke nan, wasu su shekara a hanya, wasu su zauna a Sudan har zuri'arsu na can yanzu. In za ka nuna wa yara samfurin, ka ajiye taswira a gefensa.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Baba, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Jiragen Birtaniya na lokacin ba zagayayyar waya suke da ita a fuka-fuki ba, mai faɗi ce da aka matse don ta yanka iska. A awon 1/32 ido na iya gane bambancin. Akwai zaren roba mai faɗi, mai talewa, da masu wannan aiki ke amfani da shi, ko yatsa ya ture shi sai ya koma.

Ɗan Fagge, ka yi hattara da ƙurar hunturu, launin azurfa ba ya rufa asiri. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, ka yi fenti da sassafe, ka kifa kwali a kai nan take. Farfela da sanduna kuma ka fara da launin ƙasa mai haske, ya bushe sarai, ka shafa fentin mai ruwan goro, ka ja shi da guntun soso a tsaye har zanen katako ya fito. Kwana da yawa yake ɗauka kafin ya bushe, kada ka taɓa. Datti kada ya yi yawa: ɗan baƙi a bayan salansa, ɗan mai a ƙasan hanci, ƙura a tayoyi da sandar da jela ke ja a ƙasa.

Baba Kafinta ya rubuta:

Gaskiyarka kan siffar wayar, ban musa ba. Amma zaren roba ado ne kawai, ba ya riƙe komai. Wanda ya sayi na kamfani yana iya yin haka. Shi wannan fiffike aikin hannu ne mai santimita 44, ga zafin bazara na zuwa. In igiyar ba ta ɗauki nauyi ba, baɗi war haka bakunan sun sunkuya. Ya yi fuka-fukan da igiyar fatsa, zaren robar ya kai shi wayoyin sarrafawa da ke bin gefen jiki zuwa jela, can ne hannu ke yawan taɓawa.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Na yanka kwalayen huɗu na kafa, fiffiken ya zauna cif, na duba ta sama da ta gaba babu karkata. Yanzu ina dasa wayoyi a bakin sanduna. Zan bi rabon da Baba ya yi: igiyar fatsa a fuka-fuki, zaren roba a jela in na same shi. Malama, na gode da batun ratsin jela da taswira, zan zana hanyar a jikin allon da jirgin zai tsaya. Auwal, tagullarka za ta shiga cikin kujerar matuƙi da bututun inji, hoto kuma na tafe da zarar gam ya kama.

Saura lagireton gaba. Yana da 'yan marufai sirara a jere waɗanda matuƙi ke buɗewa da rufewa don daidaita zafin ruwa. Ina tunanin yanka su daga gwangwanin lemo, amma almakashi na naɗe su. Akwai wanda ya san yadda ake yanka alminiyam siriri haka ya fito a miƙe?