Wace kalma za mu ba "actual malice" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Ina fassara labarin ƙarar da shugaban Faransa Emmanuel Macron da matarsa Brigitte suka shigar a jihar Delaware ta Amurka a watan Yulin 2025, kan Candace Owens, mai shirin fodkas na siyasa da ta yi ta nanata cewa wai Brigitte namiji aka haife ta. Na zo kan "actual malice" sai alƙalamina ya tsaya cak.

Da farko na rubuta "mugun nufi", sannan na goge. Wanda ya ji mugun nufi zai ɗauka ana maganar ƙiyayya ce, wato mai shirin ya tsani mutumin. Kotunan Amurka ba wannan suke tambaya ba. Tun shari'ar jaridar New York Times da Sullivan a 1964, jami'in gwamnati da ya kai ƙarar ɓata suna sai ya tabbatar da ɗayan biyu: ko mai maganar ya san ƙarya ce ya faɗa, ko kuwa ya yi ko-in-kula da gaskiyarta, alhali shi kansa yana shakka. Daga baya aka faɗaɗa wannan har ga fitattun mutane.

Shi Sullivan ɗin kwamishina ne mai kula da 'yan sanda a Montgomery ta jihar Alabama. Kotun jiha ta ba shi dala 500,000 saboda wasu 'yan kurakurai a tallan goyon bayan Martin Luther King da jaridar ta buga, Kotun Ƙoli ta soke.

Wani abokin aikina ya ce mu sa "ƙazafi". Ban yarda ba, kuma abin ya dame ni, don ina yawan jin ana jefa kalmar nan barkatai. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ƙazafi na da gurbinsa a fiƙihu: jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddinsa bulala 80. Kada mu ara ta mu yafa wa kowace irin ƙarya. "Yarfe" ma an kawo, amma yarfe na nuna abin da aka yi wa mutum ne, bai nuna halin zuciyar mai yin ba.

Abin da na fi natsuwa da shi shi ne "ƙagen ganganci". Ku ɗan juya shi a baki. In aka ce "da gangan ya yi", ya sani sarai. In aka ce direba ya yi tuƙin ganganci, ba wai ya yi niyyar kaɗe kowa ba, amma ya ga kasuwa cike da mutane ya ƙi taka birki. Duka rassan biyu da kotu ke nema suna cikin kalma guda.

Kuma ku lura, wannan garkuwa ta Amurka ce. Mai fodkas a Kano ko Kaduna kada ya ji labarin Sullivan ya saki baki. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi, dokar Final Kod mai hukunta laifuka a Arewa kuma ta mai da ɓata suna laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Ko a can ɗin ma, Alex Jones, mai shirin rediyo da intanet da ya ce kisan yara 20 a makarantar Sandy Hook ƙirƙirarren labari ne, a 2022 aka yanke masa diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya.

Ga yadda na sa jimlar: "Sai Macron da matarsa sun tabbatar wa kotu cewa ƙagen ganganci aka yi musu." Lauyoyinmu da malaman Hausa, ku duba min ita kafin in miƙa aikin.