Tsohuwar takardar inshora da gurɓataccen fili: wa ya taɓa gwadawa?

Mai shagon wanki, Indiyana (Amurka): Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin wankin kaya na karɓa daga hannun surukina. Da na je neman rance, banki ya sa aka auna ƙasar wurin, sai ga sinadarin wanki da ake kira pak ya kai har ruwan ƙarƙashin ƙasa. Lauya ya ce in tono takardun inshora na kafin 1986. Takardar da wa'adinta ya ƙare shekara arba'in, wai me za ta tsinana mini?

Injiniyan ƙasa: Wa alaikumussalam Alhaji. Za ta tsinana da yawa. Irin waccan inshorar tana bin shekarar da ɓarnar ta auku ne, ko da yau aka gano ta. A farkon shekarun 1970 kamfanonin inshora suka fara sa sharaɗin cewa ba ruwansu da gurɓata sai wadda ta zo kwatsam bisa tsautsayi, a 1986 kuma suka toshe ƙofar gaba ɗaya. Kai ma ka taki sa'ar jiha, domin a 1996 Kotun Ƙolin Indiyana, a shari'ar wani mai gidan mai, Kiger, ta ce sharaɗin nasu yana da harshen damo.

Maman 'yan biyu: Mu takardar kanta ba mu gan ta ba har yau. Tsofaffin cek da littafin kuɗin marigayi muka samu cikin kwali a ɗakin ƙasa, duk sun yi fumfuna. Lambar inshorar na jikin cek ɗaya. Da ita lauya ya kama kamfanin inshorar, bayan jan ƙafa na kusan shekara biyu. Alhaji, kada ka bari a zubar da ko rasit.

Tsohon mai gareji: Ni dai ban ji daɗi ba. Filin kawai na saya, ban sayi kamfanin ba, ashe inshorar tana bin wanda ya saye ta. Na kuma yi gaggawar biyan masu tonon ƙasa kafin in sanar da kamfanin inshora. Lauya ya ce ko da tawa ce, kuɗin da na kashe kafin sanarwa ya tafi.

Mai shagon wanki, Indiyana: Subhanallah, jibi na shirya biyan kafin alƙalami. Na fasa. Hajiya, cek na waɗanne shekaru kuka fara dubawa?