In ci gaba da zama ƙarƙashin maigidana, ko in karɓi ƙungiyar kaina?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina mataimakin koci a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa a Kano. Yanzu an yi mini tayin wata ƙaramar ƙungiya in riƙe da kaina, kuma ina son neman lasisin horarwa na matakin C na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, amma maigidana, wanda ya raine ni tun ina buga baya, ya ce ban nuna ba, in ƙara shekara biyu. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni shawara.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka zauna. Manu Garba mataimakin Yemi Tella ne lokacin da Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2007, sannan ya ci nasa a 2013 da Emmanuel Amuneke a gefensa, shi kuma Amuneke ya ɗauko kofin a 2015. Canjin ɗan wasa da lallashin yaron da aka ajiye a benci, a gefen babba ake koyon su.

Tsohon Gola: Malam, ba kowane maigida ne Tella ba. Ni na yi shekara bakwai ina jera kayan atisaye a fili tun bayan sallar asuba, ina hura ƙwallaye, matata tana wanke jesuna. Akwai yaron da na tsinto a filin unguwa ba takalmi, na saya masa na gwanjo da kuɗina, na yi shekara uku ina gyara masa ƙafar hagu. Ranar da aka sayar da shi, a bakin direban motarmu na ji. Da na yi magana, maigidan ya ce ladabi ya ƙaranta gare ni, washegari aka ba wani usur ɗina.

Na Zariya: Allah ya saka maka. Ni kwas ɗin lasisin C, har da mota da masauki, ya ci mini kusan naira 250,000.

Koci Mai Hula: Wace shekara, ɗan'uwa? Nawa ya haura 400,000, kuma ban kwana a otal ba.

Baban Ummi: Tsohon Gola, ciwonka ne yake magana, bai kamata yaro ya yanke hukunci a kansa ba.

Tsohon Gola: Yaya, ka taɓa tsayawa a bakin layi 'yan kallo suna zagin mahaifinka? Wanda yake kallo daga rumfa bai kamata ya ba mai horarwa shawara ba.

Na Zariya: A yi haƙuri, dattawa, kada a sa mu nemo jan kati.

Koci Mai Hula: Maganar sayar da yaron ce ta tsaya mini a rai. Dillalai suna zuwa atisaye da yamma, su ja uban yaro gefe, kafin mako ya zagayo an sa hannu, ƙungiyar da ta raine shi ba ta da ko takarda ɗaya da za ta nuna. Nawa biyu aka ɗauke haka bara.

Ɗan Fagge: Na gode, amma maigidana ranar Asabar yake jiran amsata.