Yaron da ya tsaya wa tuta amma ya ƙi rera taken ƙasa: shin hukunci ya dace da shi?

Malamin firamare, Tahoua

Assalamu alaikum. Ina koyar da ajin ƙarshe a wata makarantar firamare a cikin garin Tahoua, kuma wani al'amari ya faru da ya hana ni sukuni tun makon jiya, shi ya sa na kawo shi gaban iyaye da malaman da suka fi ni daɗewa a bakin allo.

Muna darasi a kan tuta da taken ƙasarmu Nijar, wanda da Faransanci ake rera shi, sai na ba yara labarin wata yarinya ƴar shekara 9 a birnin Brisbane na Ostareliya, wadda a 2018 ta ƙi miƙewa lokacin da ake rera taken ƙasarsu a makaranta. Hujjarta ita ce taken yana kiran al'ummar ƙasar matasa, wato sababbin zuwa, alhali mutanen asali sun fi shekara 50,000 suna zaune a wurin kafin jiragen ruwan Ingila su iso a 1788. Na ba da labarin ne domin su yi tunani, ban ba da shi domin su kwaikwaya ba.

Washegari da safe yara sun yi sahu a tsakar makaranta ana ɗaga tuta, sai idona ya kai kan wani yaro ɗan makiyaya daga wajen Abalak, wanda yake zaune wurin kawunsa a nan gari saboda karatu. Ya tsaya ƙyam, hannuwansa a miƙe, idonsa a kan tuta, amma bakinsa a rufe har aka gama. Da na kira shi gefe ya ce mini: "Mushe, da na je gida hutu na rera wa innata, ta tambaye ni me nake cewa, na kasa faɗa mata da Tamajak. In ita ba ta ji ba, waƙar ta wa ce?" Yau kwana huɗu ke nan yana haka. Darakta yana ganin a hore shi a gaban sahu kafin abin ya yaɗu, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, musamman da yake ni na buɗe ƙofar maganar. Me kuke gani?

Tsohon malami mai ritaya, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru masu yawa ina tsayar da yara a gindin tuta, saboda haka zan faɗa maka ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Filin ɗaga tuta ba wurin muhawara ba ne. Ɗan lokaci ne guda a yini da ɗan Bahaushe da ɗan Bazabarme da ɗan Bafulatani da ɗan Ba'abzine suke haɗa baki su faɗi abu ɗaya, kuma idan kowane yaro ya fara zaɓar abin da zai faɗa da abin da zai bari, to wannan ɗan abin da ya haɗa su ma ya watse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma mun rera abin da bai yi mana daɗi ba. Tsohon taken da aka ɗauka a 1961 Bafaranshe ne ya rubuta baitocinsa, kuma a cikinsa akwai wurin da ake cewa mu yi alfahari mu kuma yi godiya da sabon ƴancinmu. Godiya ga wa? Duk malamin da ya san tarihin abin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya aikata a Birnin Konni a 1899 yakan ji wannan kalma ta tsaya masa a wuya. Duk da haka mun rera, mun kuma koya wa yara, har aka bi hanyar da ta dace: gwamnati ta sanar a 2019 cewa za a sauya shi, majalisar dokoki kuma ta amince da sabon take ranar 22 ga Yunin 2023. Manya ne suka gyara, ba yara ne suka zauna a ƙasa ba.

Amma fa ban yarda a taɓa shi da bulala ko a tozarta shi a gaban ƴan uwansa ba. Ka kira kawunsa, ku zauna ku uku.

Wata uwa mai karatun shari'a, Yamai

Baba, da girmamawa, na yarda da ku a kan bulala, amma ina ganin akwai abin da ya kamata a rarrabe tukuna, domin yaron nan na Tahoua bai yi abin da yarinyar Brisbane ta yi ba. Ita zama ta yi, shi kuwa tsayawa ya yi da ladabi ya yi shiru, kuma kotuna sun daɗe da ganin bambancin waɗannan biyun. A Indiya an kori wasu yara uku ƴan gida ɗaya daga makaranta a jihar Kerala saboda suna miƙewa amma ba sa rera taken ƙasa bisa dalilin addininsu, sai kotun ƙoli ta yanke a 1986 cewa miƙewar da suke yi ta isa girmamawa, ta ce a mayar da su. A Amurka ma tun 1943 kotun ƙoli ta hana a tilasta wa ɗalibi sara wa tuta da furta mubaya'a gare ta. Waɗannan hukunce-hukuncen ba su hau kanmu ba, kowace ƙasa da dokarta, amma suna nuna cewa shirun yaro ba lallai ne ya zama raini ba.

Game da Ostareliya kuwa, ya kamata a san irin ciwon da ke ƙarƙashin kalma ɗayar nan ta "matasa". Da Turawan Ingila suka zo, dokarsu ta ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita, kuma a haka aka zauna har 1992, lokacin da babbar kotu ta rushe wannan ƙa'ida a shari'ar Mabo. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1967 aka cire sashen tsarin mulki da ya hana a lissafa mutanen asali a cikin yawan jama'ar ƙasa. Shekara da shekaru hukuma tana raba ƴaƴansu da iyayensu tana kai su gidajen reno da gidajen Turawa, abin da firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa a majalisa a watan Fabrairun 2008. Ni uwa ce, idan na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Mutumin da aka ɗauke masa ɗa, aka kuma sa jikansa ya riƙa rera cewa tarihin ƙasar jiya-jiya ya fara, ai an haɗa masa zafi biyu.

An tsare yarinyar Brisbane a makaranta a lokacin hutun cin abinci, wasu ƴan siyasa har suka ce a fitar da ita daga makarantar. Bayan shekara biyu da ƴan watanni, ranar 1 ga Janairun 2021, gwamnatin Scott Morrison ta cire wannan kalmar ta sa wadda ke nufin "ɗaya". Ba zan ce yarinyar ce ta jawo haka ita kaɗai ba, domin mutanen asali sun daɗe suna wannan kuka, amma kalmar da aka hore ta a kanta ita ce dai aka cire. Kuma sauya kalma bai warkar da ciwon ba: a watan Oktoban 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa a kafa wa mutanen asali majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki.

Ba na kwatanta halinmu da nasu, domin a Nijar babu wanda ya zo daga ƙetaren teku ya maye gurbin wani. Dukanmu ƴan ƙasa ne. Abin da yaron ya taɓo shi ne harshe, kuma tambayarsa tana da nauyi.

Wani mahaifi, Tahoua

Malam, ni ma a ruga na tashi, kuma mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta san abin da ake faɗa a rediyo kafin labarai ba, ta dai san in an sa kiɗan ana yin shiru. Ina ganin yaron bai ƙi ƙasarsa ba, so yake innarsa ta shigo ciki. Afirka ta Kudu tun 1997 take rera takenta da harsuna biyar a jere, a New Zealand kuma da harshen Maori ake farawa kafin Ingilishi. Sauya take aikin hukuma ne, amma fassara ma'anarsa ga ɗalibai aikin malami ne, kuma babu darakta da zai hana ka. Har ƴaƴanmu masu jin Hausa da yawansu haddace shi suka yi kamar aku.

Malamin firamare, Tahoua

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararku na aika wa kawun yaron, ya zo jiya da la'asar da rawaninsa, muka zauna a ofishin darakta. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce shi ma bai san ma'anar waƙar ba, a faɗa masa. Darakta da kansa ya fassara masa baiti-baiti da Hausa, shi kuma yana juya wa yaron da Tamajak, suna tsayawa suna neman kalmar da ta fi dacewa. An janye maganar horo.

Yau na raba allo gida uku, na rubuta baitocin a gida na farko, muka yi na Hausa tare a na biyu, na uku kuma na bar wa yaron da wasu ƴan mata biyu masu jin Fulatanci su cike da nasu. Da safe a gindin tuta na ga leɓensa yana motsi a wasu wurare, a wasu kuma ya yi shiru, ban ce masa komai ba. Ya roƙe ni in ba shi takarda mai kyau ya kwafe fassarar, domin hutu mai zuwa zai tafi da ita Abalak.