Wane mai zan shafa wa jantin motata ya daɗe bai wanke ba?

Baban Halima: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar mota. Ina da Corolla ta 2010 mai jantin alminiyom, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Bayan ƙaramar salla na kai wa mai fenti ya sake feshe jantin guda huɗu, suka fito fes har ina jin kunyar taka ƙasa da su. To ni sana'ata kan hanya take, sau biyu a sati ina zuwa Ɗan Issa, wata ran Madarunfa. Kafin in dawo unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, jantin gaba sun yi baƙi ƙirin, na dama ma ya fi na hagu. Na sayi gwangwanin waks a kasuwa na shafa, sati uku bai kai ba ya tafi kamar ban taɓa sa komai ba. Yanzu ga wasu ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar ƙwayar gero, ko an wanke ba sa fita. Kuɗin fentin nan da gumi na same shi, ba na son ya tafi a banza. Me zan shafa wanda zai jure zafinmu da ƙurarmu?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanga baƙin ba ƙurar hanya ba ne, ƙurar birki ce. Duk sanda ka taka, plaketi, wato takalmin birki, na cin diski, faifan da yake matsewa, diskin kuwa ƙarfe ne, sai garin ƙarfe ya tashi da zafinshi ya faɗa bisa janti ya lafe cikin fenti. In ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa, su ne ɗigon da kake gani. Na gaba sun fi baƙi don su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. In ba a cire wannan ƙarfen ba, ko mi ka shafa bisa datti ka shafa.

Ɗan Bagalam: Kai maigida, duk wannan wahala ta mece ce? Omo da soso, in an gama a ɗan goga gazwal, man dizal, a tsumma, ka ga janti na walƙiya. Mu haka muke yi.

Mai Gareji: Ƙanena, rufa mashi asiri. Gazwal rabin yini yake ƙyalli, bayan nan ƙura yake kira, kuma ba ya yi wa robar taya daɗi. In ya ɗiga kan diski kuma maganar rai ce. Omo kuwa an yi shi ne don ya cire maiƙo, waks kuma danginsa ne. Ina kyautata zaton shi ma yana cikin abin da ya cinye na Alhaji.

Baban Halima: Wallahi da Omo yaran ke wanke min, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Malamin Lissafi: Yayana, na taɓa ɓata kuɗi a kan wannan, bari in ɗan tsawaita. Abin da ake sayarwa iri uku ne, ko da yake mai shago duka folish zai ce maka.

Wanda ka saya a gwangwani, in ka duba jikinsa mai yiwuwa ka ga an rubuta karnuba. Kaki ne da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a ƙasar Burazil. Yana da ƙyalli mai kyau, ban musa ba, amma yana narkewa a wajen digiri 82 zuwa 86, kuma tun kafin nan yake laushi. Ka tuna janti manne yake da diski mai zafi, ga kwalta ta watan Afirilu da Mayu lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40. A jikin ƙofa yana iya yin wata ɗaya ko biyu, a janti kuwa sati uku da ka samu ma ya yi ƙoƙari.

Na biyu shi ne silant, haɗin masana'anta ne, ba daga itace ba. Ya fi kama fenti, ya fi jure zafi da sabulu. Akwai wanda aka yi musamman don janti, irin na Poorboy's, akwai kuma Collinite 845, ko da yake shi gauraye yake da karnuba, da masu mota da yawa ke shafa wa jiki da janti baki ɗaya saboda daɗewarsa. Ni da irin wannan nake samun wata uku, in na kiyaye wanki har huɗu.

Na uku seramik, ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba, in ya bushe sai ya zama siririn rufi mai tauri dangin gilashi. Gtechniq C5 da CarPro DLUX duk na janti ne. Shi ne ke iya kai shekara ko fiye. Sai dai yana da tsada, ba ya yafe kuskure, in ka bar shi ya bushe da shaida sai an goge da injin folish. Ni nawa daga Kano aka kawo min, kuma ka kula da jabu, kwalbar da ta yi arha fiye da hankali ka bar ta.

Kada kuma ka ɗauka ɗayansu zai hana ƙura sauka. Za ta sauka. Amfaninsa kawai ba za ta kama ba, ruwa da tsumma sun isa.

Mai Lavaj: Malam ya faɗi gaskiya, amma bari mu ma masu wanki mu sa baki. Mota ta shigo daga tafiya janti na huci, mai ita na sauri, sai yaro ya watsa sabulu, ya bushe nan take ya bar tabo. Na biyu, akwai wani ruwa mai asid da wasu ke zubawa don janti ya yi fari cikin minti ɗaya. Yana fari ɗin, amma yana cin fenti da alminiyom, ga ƙona hannu. Alhaji ka tsaya kan motarka ka ga abin da ake zuba mata. Kuma a goge da busasshen tsumma bayan ɗauraya, don ruwan da ya bushe da kansa a rana yana barin farin zane.

Baban Halima: Na gode ƙwarai. Malam, to ɗigon tsatsan fa, da me zan cire? Kuma dole sai an kwance tayoyin?

Malamin Lissafi: Akwai ruwan cire ƙarfe, Sonax na yi, CarPro ma na da Iron X. Ka fesa a janti mai sanyi, cikin 'yan mintuna za ka ga yana komawa shuni-shuni yana gangarowa, ƙarfen ne ke narkewa. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ka yi a fili. Kada ka bari ya bushe, ka ɗauraye sosai. Bayan nan ka goge da alkol na farmasi don sauran maiƙo ya tafi, sannan ka shafa kaɗan-kaɗan. Yawan mai ba ya ƙara daɗewa, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa.

Kwance taya ba dole ba ne in silant ne. In seramik ne ka kwance, don cikin jantin ne ƙura ta fi taruwa, kuma ka tsira daga taɓa diski. Seramik ɗin yana son ya yini ya kwana ba ruwa. Yanzu da hunturu ya shigo kada ka yi a tsakar gida, ƙura za ta manne a ciki kafin ya kama. Ɗaki ko shago mai ƙofa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ban da wannan haƙurin. Turtle Wax na feshi mai seramik nake amfani da shi, bayan wanki a fesa a tsumma a goga, minti goma an gama. Ba ya kai na Malam daɗewa, duk wata biyu nake sa direba ya sake, amma da damina da muka riƙa bin jar ƙasa zuwa ƙauye laka ba ta kama ba.

Baban Halima: Allah ya saka da alheri Hajiya. Ina ganin da silant zan fara, in hannuna ya faɗa sai in gwada seramik bayan hunturu. Omo kuma daga yau an sallame shi.

Mai Gareji: Alhaji, na koma na karanta saƙonka na farko. Ka ce na dama ya fi na hagu baƙi. Bai kamata ba, ya kamata su yi kusan daidai. Gobe in ka dawo daga Ɗan Issa, kafin ka shiga gida, kawo bayan hannunka kusa da kowane janti, kada ka taɓa. In na dama ya fi zafi, birkin wajen na riƙewa, plaketi na gugar diski ko ba ka taka ba. Ka fara kai ta a buɗe a duba kafin ka sayi kwalbar komi.

Baban Halima: Ikon Allah. Kwana biyun nan kuwa ina jin tana ɗan jan dama, na ɗauka iskar taya ce. Da safe zan kai ta in sha Allahu, tafiyar ta jira.