Kurar da na zana yara sun ce kare ne: in sayi allon zane ko in haƙura?

Ɗan Garki: Assalamu alaikum. Wani malamin firamare a ƙauyenmu ya ce in zana masa Gizo da Kura da Dila don ɗan littafin tatsuniya na 'yan aji uku, a birni za a buga. Da yatsa nake zane a waya, da manhajar zane ta ibisPaint, ba ni da kwamfuta. Duk wanda na zana sai ya tsaya ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe, launin kuma ya cika hayaniya. Ga hoton Kurar nan na sa, yara sun ce kare ne. Na sayar da riɗi, dubu 60 ce a hannuna. In sayi allon nan mai alƙalami, ko ba nan gizo ke saƙar ba?

Abba Kwamfuta: Wa'alaikumus salam. Sauke manhajar zane ta Krita a kwamfutarka kawai, kyauta ce.

Ɗan Garki: Yaya, ai na ce ba ni da ita.

Na Gezawa: Saya. Ƙaramin allon zane na kamfanin Huion dubu 45 na ɗauko a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, yana hawa waya ma in tana karɓar OTG, wato jona mata na'ura ta kafar caji.

Abba Kwamfuta: Wace dubu 45? Wancan watan 80 aka ce mini, ba ragi.

Na Gezawa: To an ga wayar hannunka ne.

Malama Ringim: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, allo ba ya gyara tsayuwa. Na ga hoton da ka sa. Kura ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta ke gangarowa, ga wuya mai kauri. Kai ka miƙar da bayan, dole a ce kare. Ko ka sa mata riga ka tsayar da ita da ƙafa biyu, bar mata ƙusumbin nan, kai ya yo gaba. Kafin ido da haƙori, ja layi ɗaya lanƙwasasshe daga kai zuwa ƙafa: na Kura ya ranƙwafa, na Dila ya ɗan yi baya irin na mai ji da kansa. In ka gama, cike hoton da baƙi ka nuna wa yaro. Bai gane ba, sake. Launi uku sun ishe ka, biyu masu sanyi, ɗaya mai ƙarfi a hula ko carbin Dila. Gizo kuwa ƙafa takwas gare shi, ka samu gari: biyu tsayuwa, biyu riƙe ƙugu, sauran suna cikin tukunyar Ƙoƙi.

Mai Fenti Wudil: Duk wannan karatu ne. Ni wani mai sayar da abincin dabbobi ya sa na zana masa bijimi a siffar ɗan kokawa, na bana, wato babban ƙyallen talla, da zai rataya ranar Juma'a, ranar kasuwa. Na zauna a kara ina kallon shanu, na fitar da tozo, na fitar da ƙaho, har gaɓar nan ta ƙafar baya da mutane ke ɗauka gwiwa ce ta juya, alhali diddige ne, na sa ta daidai. A waya ja ne zur, kore shar. Da na karɓo daga wajen mai bugu, jan ya koma ruwan ƙasa, koren ya mutu. Mai bugu ya ce laifina ne, waya da haske take nuna launi, inji kuma da tawada. Alhajin ya kalla ya ce wannan san ba shi da lafiya, wa zai sayi dusa a ƙarƙashin sa mai ciwo? Rabin kuɗi ya ba ni, sauran har yau sai "gobe". Banar kuwa tana nan a rataye, bai cire ba.

Na Gezawa: Ashe san ya warke.

Malama Ringim: Baba, ai maganarka ta ƙarfafa tawa. Ya rage launi, ya sa a buga masa shafi ɗaya na gwaji kafin a buga duka.

Mai Fenti Wudil: 'Yata, ke a aji kike zane, albashi na zuwa. Mu da ke cin abinci da buroshi mu ya kamata a saurara.

Abba Kwamfuta: Baba, wanda aka cinye wa rabin kuɗi ne za mu bi?

Mai Fenti Wudil: Yaro, ina rubuta bayan motar itace ba a haife ka ba.

Ɗan Garki: Don Allah a yi haƙuri. Maganar allon fa?

Ɗan Maigatari: Allon me? Yanzu kowa cewa yake a sa AI ta yi. Ranar Alhamis na ga bana a kasuwarmu, raƙumi da ƙafa biyar, mai shagon ko a jikinsa. Dubu 2 ya biya, ni dubu 15 nake karɓa, wa zai zo wajena?

Mai Fenti Wudil: 15? Ku ne kuka karya aikin. Ƙasa da 25 ba na ɗaga buroshi.

Ɗan Maigatari: Aka ba ka 12 da rabi ke nan.

Malama Ringim: Ɗan Garki, shi malamin naku nawa ya ce zai ba ka?

Ɗan Garki: Ba mu yi wannan maganar ba. Cewa ya yi aikin lada ne.

Mai Fenti Wudil: Innalillahi. Kuma kuɗin bugun wa zai biya?